Manifol ɗin iska a motar turbo ta hawan yau da kullum: a canza ko a bar na kamfani?

Mai_GTI: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Motata Golf GTI ce Mk6, injin 2.0 TSI, giyar hannu. Zuwa yanzu an canza mata bututun salansa na bayan turbo zuwa mai faɗi, an canza filtar iska, sannan an yi mata saitin kwamfuta. Turbo na kamfani ne, intakula mai sanyaya iskar turbo ma haka. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta, ba motar tsere ba ce. Sai dai idan na samu titi a buɗe na taka ta, tana ja da kyau har wajen juyi 5,500, daga nan sai in ji ƙarfin ya fara sanyi. Wani abokina ya ce manifol ɗin roba, wato wanda ke raba iska zuwa silinda, shi ne ke shaƙe ta, wai in sa na alminiyam mai babban tumbi (inda iska ke taruwa) da gajerun ƙafafu (bututan da ke kai ta kowace silinda). Na ga hotunansu, ba ƙarya suna da kyau. Tambayata ita ce, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Sarkin_Totur: Wa alaikumus salam. Sa kawai Malam. Iska ita ce ƙarfi. Duk inda iska za ta bi a faɗaɗa shi, shi ke nan.

BabaMaiGareji: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Sanyin da kake ji bayan 5,500 ba manifol ba ne, turbo ne ya kai iyakarsa. Ƙaramin turbo aka sa wa motar nan da gangan don ya tashi da wuri, ka taɓa totur ta amsa nan take. Farashin hakan shi ne idan juyi ya yi sama ba ya iya ciyar da injin, sai matsin iska ya riƙa sauka da kansa. Ka sa sikana ka duba, za ka ga matsin da ka samu a 3,000 ba shi ne a 6,000 ba. Ko manifol ɗin zinariya ka ɗaura, abin da turbo bai hura ba ba zai shiga silinda ba.

Sarkin_Totur: To Baba, in haka ne me ya sa duk motocin da ke cin gasa ke sa shi?

BabaMaiGareji: Saboda su sun riga sun canza turbo, sun canza kam, sun gyara kan inji, suna juya injin har 8,000. Shi kuwa yara yake kaiwa makaranta.

Injiniya_S: Bari in ƙara wa maganar Baba lissafi, don akwai abin da mutane da yawa ke ɗauka ba daidai ba. Ana zaton idan aka ƙara matsin turbo, manifol zai yi wa iskar kaɗan tunda iska ta ƙaru. Ba haka abin yake ba. Injin lita 2 mai bugu huɗu yana zuƙar lita 2 a duk juyi biyu. A juyi 6,000 a minti ke nan kusan lita 6,000 ke ratsa manifol, ko da turbo ko babu. Abin da turbo ke yi shi ne ya danne iskar ta yi nauyi. Idan ka sa matsin bar 1, wato kusan psi 14.5, a kan matsin iskar duniya, kowace lita ta kusan ninka nauyinta, amma yawan litocin da saurin da iskar ke gudu a cikin ƙafafun manifol kusan suna nan yadda suke. Asarar matsi tana ɗan ƙaruwa saboda iskar ta yi nauyi, amma ba ta yadda ake zato ba. Abin da ke sa manifol ya zama shi ne matsalar shi ne idan ka ɗaga juyin injin, ko ka ƙara masa girma, ko ka buɗe kan injin ya koma zuƙa fiye da da. Malam Mai_GTI bai yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Mai_GTI: Injiniya na gode, wannan lissafin ya shige ni. Ke nan ko na ƙara matsi, hanyar ba ta ƙara cunkushewa kamar yadda nake tunani.

Kwayil_Shida: Ni fa ban yarda roba ta fi ƙarfe ba. Roba a kan inji mai zafi, ga matsi a ciki? Wata rana sai ta fashe.

Hajiya_Turbo: Malam Kwayil_Shida ba robar bokiti ba ce. Nailan ne da aka gauraya da zaren gilashi, an yi shi don zafin inji. Kuma yana da wata fa'ida da alminiyam ba shi da ita: ba ya ɗaukar zafi da sauri. Ka tsaya a cunkoso da mota mai manifol ɗin alminiyam, ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kai in ka isa. Zafin kan inji yana bi ta fuskar da aka ɗaure shi ya game shi duka. Shi ya sa masu irinsa ke sa wani faifai mai hana zafi wucewa tsakaninsa da injin. Wato ka sayi abu, sannan ka sayi maganin matsalar da ya zo da ita.

Injiniya_S: Hajiya gaskiya ne, amma kada mu kai zancen inda bai kai ba. Lokacin da aka take totur har ƙasa, iskar ba ta daɗewa a cikin manifol, wucewa take da sauri, zafin da take kwasa a jikin ƙarfen ba shi da yawa. Inda abin ke damu shi ne a tsaye da kuma tafiyar sannu, sai kuma idan sansar zafin iska tana jikin ƙarfen. Ita sansar ce ke yin zafi, ta gaya wa kwamfuta iska ta yi zafi, kwamfuta ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da filogi ke ba da wuta, kai kuma ka ji motar ta yi nauyi a tashin farko bayan danja ta sake ka.

Hajiya_Turbo: To ai motar gari rayuwarta ke nan, tsayawa da tashi. Ni abin da nake nufi ke nan.

Kwayil_Shida: Duk da haka na taɓa ganin na roba ya tsage.

BabaMaiGareji: Ni ma na gani, kuma na ga na ƙarfe ya tsage. Waɗanda ake lanƙwasa falle a yi musu walda, idan fallen bai da kauri, matsi na shiga yana fita tumbin na kumbura yana komawa, a hankali sai wajen waldar ya buɗe. Akwai wani yaro da ya kawo mini mota da manifol na zubi, irin marasa sunan nan da ake kwaikwayon na manyan kamfanoni. Ya ce tunda aka ɗaura motar ke rawa a tsaye. Na kwance, na ɗora ƙarfen awo a kan fuskar da ke haɗuwa da injin, sai ga haske na wucewa ta ƙasa a wajen silinda ta uku. Fuskar ba ta miƙe ba, gaskit ya kasa rufewa. Na zura yatsa cikin ƙafa ɗaya, na fito da shi da yashin zubi da ɓarɓashin ƙarfe. Wannan duk cikin injin zai tafi. Sai da aka kai aka goge fuskar, aka wanke cikin tas. Kuma bayan duk wahalar nan, da ya hau ya dawo ce mini ya yi motar ta mutu a ƙasa.

Mai_GTI: Baba me ya sa take mutuwa a ƙasa? Na sha jin wannan maganar amma ban fahimci dalilin ba.

Sarkin_Totur: Wannan ai a motocin da ba su da turbo ne. In akwai turbo, tsawon ƙafa ba shi da wani tasiri, tura iskar ake yi da ƙarfi.

Injiniya_S: Sarki a nan kam ka kauce. Tasirin yana nan daram. Duk lokacin da bawul ɗin shigar iska ya rufe, iskar da ke gudu a cikin ƙafar tana cin karo da shi, sai wani bugun matsi ya koma baya da saurin sauti, kusan mita 343 a daƙiƙa a zafin digiri 20, ya fi haka idan iskar ta fi zafi. Ya isa tumbi, ya sake dawowa. Idan dawowarsa ta dace da lokacin da bawul ke buɗe dab da rufewa, sai ya cusa ƙarin iska cikin silinda kyauta. Doguwar ƙafa bugun na daɗewa kafin ya dawo, don haka tana dacewa da ƙaramin juyi. Gajera tana dacewa da babban juyi. Turbo bai soke wannan ba, ya dai ɗaga matsin da abin ke faruwa a kansa. Kuma kafin turbo ya tashi, injinka daidai yake da wanda ba shi da turbo. A nan ne ma ka fi bukatar doguwar ƙafa, domin yawan iskar da ya zuƙa shi ke ba da hayaƙin da zai juya turbo ɗin. Ka rage wannan, turbo ya makara.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1960 Chrysler ta sa wa motarta 300F ƙafafu masu tsawon inci 30, har kafiretocin suna zaune a kishiyar ɓangaren silindar da suke ciyarwa, duk don a samu ƙarfin ja a tsakiyar juyi.

Sarkin_Totur: To na ji. Amma dai a sama ana samun ƙari ko?

Injiniya_S: Ana samu, idan akwai turbon da zai ciyar da saman. Abin da ake yi shi ne a ɗebo ƙarfi daga ƙasa a kai shi sama. Sai ka tambayi kanka a ina allurar juyinka ke yini. Mai zuwa aiki tsakanin 1,500 da 3,500 yake rayuwa.

Direban_Dare: Ni dai na sa a tawa kuma ban yi nadama ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce na auna ba. Idan na buɗe bonet mutane suka taru, raina fari. Kuɗina ne.

Hajiya_Turbo: Wannan ita ce amsar gaskiya ta farko daga ɓangaren masu sawa.

Direban_Dare: Hajiya ai ba kowa ke neman daƙiƙa ba. Wani ƙarar yake so, wani kyan gani.

Supra_Tsoho: Ku yi haƙuri in kawo wani gefen, don na ga kamar an yi wa manifol taron dangi. Akwai inda canza shi ba don ƙarfin doki ba ne, don hanya ne. Ku ɗauki injin Toyota 2JZ-GE, wanda ke cikin Lexus IS300 da GS300, ba GTE na Supra mai turbo ba. Shi manifol ɗinsa ta saman murfin inji yake tsallakawa, bakin totur ɗin ya koma ɓangaren salansa. Duk wanda ya ɗaura wa injin nan turbo ya san abin da nake faɗi: bututun intakula sai ya zagayo ya bi ta kusa da turbo mai zafi kafin ya shiga, kuma ko filogi za ka canza sai ka kwance kayan da ke sama. Idan aka sa mai fuskantar gaba, bututu ya gajarta, ya rabu da zafi, filogi kuma a fili. Haka masu injin Nissan RB25DET ke yi saboda bututun da ke ratsa saman injin. A irin wannan ni ina goyon baya. Amma a sani, na GE ɗin na kamfani yana da ƙofar da ke canza yanayin hanyar iska gwargwadon juyi, kuma idan ka cire shi ka rasa wannan.

BabaMaiGareji: Alhaji wannan magana ce ta daban kuma na yarda da ita. Shi injin an haife shi ba turbo, an zo an ɗora masa. Ita kuwa motar yaron nan da turbo aka zana ta tun farko, bakin totur ɗinta na kallon inda bututun intakula ke fitowa.

Supra_Tsoho: Haka ne Baba. Na faɗa ne don kada mai karatu ya ɗauka hukunci ɗaya ne ga kowace mota.

Sikana_Boy: Oga Mai_GTI akwai abin da ba a taɓo ba. Manifol ɗin motarka ba fanko ba ne. A cikin kowace ƙafa akwai 'yar ƙofa da ke rufe rabin hanya idan injin na ƙaramin juyi, don iskar ta shiga silinda tana wulwulawa ta gauraya da mai sosai. Injin naka kai tsaye nozul ke fesa mai cikin silinda, ba a bayan bawul ba, don haka yana bukatar wannan wulwulawar musamman da safe yana sanyi. Yawancin na alminiyam ba su da ƙofofin. Ka ɗaura, kwamfuta ta nemi sansar ƙofofin ta rasa, wutar cek ta kama. Lambar P2015 da aka sani a injinan nan a kan wannan sansar take. Dole a sake saiti a kashe ta, kuma ko an kashe za ka iya samun rawar inji a tashin safe.

Mai_GTI: Ke nan ban da manifol sai na sake komawa wajen mai saiti.

Sikana_Boy: Ko ba don ƙofofin ba ma sai ka koma. Ka canza yadda injin ke zuƙa a kowane juyi, taswirar da ke cikin kwamfuta kuma ta tsohon ce. Sannan ka ƙirga ƙananan tiyo da ke jikin na kamfani: na numfashin inji, na tururin tankin mai, wurin zaman sansa. Duk sai an nemo musu mazauni.

Gudu_Ba_Gardama: Tunda ana zancen fesa mai kai tsaye, ni tambayata daban ce. Wai da gaske ne bawul na cika da baƙin dauɗa a injinan nan?

BabaMaiGareji: Da gaske ne. A tsohon tsari fetur na wanke bayan bawul duk lokacin da aka fesa. A wannan kuwa fetur ba ya taɓa wurin, sai tururin baƙin mai daga numfashin inji ya riƙa sauka yana ƙonewa yana taruwa. Idan ka cire manifol ka haska tocila, za ka ga wuyan bawul ya yi kauri da wani abu baƙi mai danƙo, wani wurin ya bushe ya yi tauri. Ana rufe bawul ɗin a fesa masa garin ɓawon goro na Turawa da iska mai ƙarfi, ana zuƙewa a lokaci guda. Ɗana Mai_GTI, idan motarka ta yi tafiya mai yawa ba a taɓa yi mata wannan ba, to lallai ka kwance manifol, amma don a wanke bawul a mayar da shi. Ina amfanin faɗaɗa ƙofar zaure alhali ta ɗaki ce ta toshe?

Gudu_Ba_Gardama: To ba a iya zuba maganin wanke inji a tanki ya wanke?

Sikana_Boy: Ta ina zai kai wurin? Abin da ka zuba a tanki ta nozul zai fita, nozul kuma a cikin silinda yake.

Injiniya_S: Wannan ma ya kawo mu ga dalili mai ƙarfi na canza manifol a irin waɗannan injina. Idan mutum ya sa babban turbo har famfon mai mai babban matsi da nozul ɗin kamfani suka kasa, ana ƙara layin nozul na biyu a jikin ƙafafun manifol. Masu BMW mai injin N54 sun daɗe suna haka, ko da faifai a tsakani ko da sabon manifol gaba ɗaya. Ita kanta Volkswagen a zubi na uku na EA888, wato dangin injin Mai_GTI, ta haɗa tsarin biyu a motocin da ta sayar a Turai. A nan manifol ya zama wurin ɗaura nozul, kuma bawul na samun wanki a kan hanya. Amma wannan matakin ya yi wa mai turbon kamfani nisa.

Kwayil_Shida: Ni har yanzu maganar rabon iska ce ke raina. Bakin totur a wuri ɗaya yake, silinda huɗu a jere. Ta yaya za a ce duk suna samun iska daidai? Na kasuwa masu kyau ai don wannan ake yin su.

Injiniya_S: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a kan na kasuwa marasa asali. Sansar hayaƙi matsakaicin duka silindar take karantawa. Za ta nuna maka komai lafiya alhali silinda ɗaya na samun iska fiye da saura, man ta ya yi kaɗan, tana zafi, ita ce za ta fara ƙwanƙwasa. Kamfanin da ya ƙera injin ya gwada wannan da kayan awo a kowace silinda. Mai walda da ya kwaikwayi hoto bai gwada ba. Akwai na kasuwa da aka yi wa aikin gaske, tumbin na tsukewa a hankali zuwa ƙarshe, bakin kowace ƙafa an yi masa lanƙwasa mai santsi. Amma kyan waje ba ya nuna maka wannan. Ko dai ka ga gwajin da aka yi, ko ka sa sansar zafin hayaƙi a kowace silinda, ko aƙalla ka riƙa karanta filogi ɗaya bayan ɗaya.

Kwayil_Shida: To ka ga ke nan akwai masu kyau.

Injiniya_S: Ban taɓa cewa babu ba.

Porsche_A_Mafarki: Don nishaɗi kawai: a 911 GT2 na zubin 997, Porsche ta yi manifol da ke aiki a akasin abin da Injiniya ya bayyana. Maimakon a kama bugun da ke danne iska, sai aka tsara shi ya kama lokacin da iskar ke buɗewa, domin iska idan ta buɗe sanyi take yi. An rasa ɗan matsi, aka rama da ƙarin hurin turbo, aka samu iska mai sanyi da ke ba da damar tura taimin gaba. Wato su a motar turbo sanyin iska suka fi nema a kan yawan matsi.

Hajiya_Turbo: Wannan ya dawo da mu kan abin da nake son tambaya tun ɗazu. Malam Mai_GTI, ka ce intakularka ta kamfani ce. Ka san inda take zaune? Tsakanin kwandensar AC da lagireto aka cusa ta. Gaba zafi, baya zafi. Ga saitin da ke sa ƙaramin turbo aiki fiye da ƙa'idarsa, shi kuma turbo idan aka matsa masa iska mai zafi yake hurowa. Duk ƙarin digiri 3 a zafin iska na rage nauyinta da kusan kashi 1 cikin 100, kuma wannan ƙarami ne a kan abin da kwamfuta ke ƙwacewa idan ta ja taimin baya don kare injin. Ka ɗauko bayanan zafin iska da na taimin tukuna.

Alhaji_Sannu: Ni kuma tambayata, birki da taya fa? Ana ta ƙara gudu, ban ji wanda ya ce a ƙara tsayawa ba. Ga yara a baya.

Mai_GTI: Alhaji ba na taka ta da yara a ciki, Allah ya kiyaye. Tayoyin sababbi ne masu kyau. Birkin dai na kamfani ne, an canza man.

BabaMaiGareji: Ka ƙara da kuloci a lissafinka. Giyar hannu da saiti irin naka, kulocin kamfani ne ke fara kuka. Ka sa giya ta biyar ko ta shida a ƙaramin juyi ka taka, in allurar juyi ta yi tsalle gudu bai ƙaru ba, ka san inda kuɗin manifol za su tafi.

Sarkin_Totur: Kai jama'a. Mutum ya zo tambayar manifol, an haɗa shi da intakula, kuloci, birki da wankin bawul.

Direban_Dare: Harkar ke nan Sarki. Wanda ya shiga ba ya fita.

Mai_GTI: Na dawo da bayanai. Ɗan'uwana ne ya riƙe sikana ni ina tuƙi, a hanyar da ba kowa. Baba ka yi gaskiya, matsin yana kai ƙololuwa da wuri sannan ya riƙa gangarowa har zuwa jan layi. Hajiya ke ma haka. A takun farko zafin iska yana 40 da 'yan kai, da na maimaita a jere sai ya haura 60, kuma a nan ne na ga kwamfuta na janye taimin, silinda biyu sun fi saura. Wani abu kuma: matsin da kwamfuta ke nema da wanda ake samu ba sa haɗuwa a tsakiyar juyi, akwai 'yar tazara.

Sikana_Boy: Wannan tazarar a tsakiya ba ta yi mini ba. A sama dai a ce turbo ne ya gaji, amma a tsakiya ya kamata ya cika abin da aka nema. Ka gwada yoyon iska. A toshe bakin turbo, a hura iska cikin bututan da kwamfuresa a hankali, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa nan ne. Ka duba bawul ɗin da ke mayar da iska idan an saki totur, da na numfashin inji.

Kwayil_Shida: Silinda biyu sun fi saura janye taimin. Ba maganar rabon iskar da na yi ba ke nan?

Injiniya_S: Zai iya zama ita. Zai iya zama filogi, ko kwayil, ko dauɗar bawul da ta fi yawa a waɗannan biyun, ko nozul. Ya musanya filogi da kwayil tsakanin silindar ya ga ko matsalar ta bi su. In ta tsaya a inda take bayan an wanke bawul, sai mu dawo kan maganarka. Kuma in ana son a kashe gardamar gaba ɗaya, a auna matsi kafin bakin totur da kuma cikin tumbi a lokaci guda a saman juyi. Wannan zai nuna abin da bakin totur ke ci. Na ƙafafun ya fi wuyar aunawa a kan titi.

Supra_Tsoho: Malam Mai_GTI, in ka yi niyyar K04, turbon da ya fi na kamfani girma, nan gaba fa? Don na san yadda abin ke tafiya.

Mai_GTI: Alhaji kamar ka shiga raina. Ina tunaninsa, amma ba bana ba.

BabaMaiGareji: Ko da K04 ɗin, mutane da yawa na kamfani suke bari kuma motar na tafiya.

Sarkin_Totur: Suna bari ne don ba su gwada ɗayan ba. Ni in na samu wanda ya auna kafin da bayan sawa a mota ɗaya, rana ɗaya, da saiti daidai, ya nuna mini babu ƙari, zan yi shiru.

Hajiya_Turbo: Ƙari a 6,500 za ka gani, ba a musu. Ka ce ya nuna maka layin daga 2,000.

Direban_Dare: Mai_GTI in ka fasa saya ka turo mini hoton wanda ka gani, akwai wanda nake son in nuna wa.

Gudu_Ba_Gardama: Baba, shi wankin bawul ɗin, dole sai an canza gaskit ɗin manifol idan aka kwance, ko ana iya mayar da tsohon?